Jon Postel: Ma'ajin Intanet Da Ya Rasu Yana Neman Wanda Zai Miƙa Wa Amana

Da tsakar daren 30 ga Satumba, 2016, wata kwangila ta ƙare a birnin Washington. Ba a yi fareti ba, ba a sauke tuta ba, kuma babu wanda intanet ɗinsa ya ɗauke. Sai dai daga wannan dare Gwamnatin Amurka ta daina sa hannu kafin a yi gyara a babbar rajistar sunayen intanet, wato kundin da ke nuna wa kowace kwamfuta a duniya inda za ta samu adireshin da ya ƙare da .com, ko .ng na Najeriya, ko .ne na Nijar. Kafin a kai ga haka, sai da aka shafe shekara biyu da rabi ana tarurruka, aka kafa kwamitoci, aka yi cacar baki a Majalisar Amurka, har aka dangana da kotu.

Aikin da aka yi duk wannan ɗawainiya a kansa, mutum ɗaya ne ya faro shi, ya kuma riƙe shi sama da shekara 25 tare da 'yan abokan aiki ƙalilan. Sunansa Jonathan Bruce Postel. Ba a zaɓe shi ba, babu majalisar da ta tantance shi, babu dokar da ta ambaci muƙaminsa. Yarda ce kawai ta ɗora shi, ita ce kuma ta riƙe shi. A shekarunsa na ƙarshe ya fahimci cewa yardar da aka yi wa mutum ɗaya ba ta isa ta ɗauki nauyin duniya ba, sai ya duƙufa wajen gina hukumar da za ta gaje shi. Ajali ya riske shi kafin ya ga ƙarshen aikin.

Ɗalibin da ya ɗauki aikin da kowa ke gudu

An haifi Postel ranar 6 ga Agusta, 1943, a garin Altadena na Jihar Kalifoniya. Ya yi sakandare a Van Nuys, makarantar da Vint Cerf da Steve Crocker su ma suka halarta, mutane biyun da daga baya za su zama abokan tafiyarsa a tarihin intanet. Daga nan ya wuce Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, wadda aka fi sani da UCLA, inda ya yi digirin farko a fannin injiniya a 1966, na biyu a 1968, sannan digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta a 1974.

Yana jami'ar ne lokacin da ARPA, hukumar bincike ta Ma'aikatar Tsaron Amurka, ta fara gwajin haɗa kwamfutocin cibiyoyin bincike a kan hanyar sadarwa guda mai suna ARPANET. A ɗakin binciken Farfesa Leonard Kleinrock na UCLA aka girke na'urar farko a 1969, kuma daga can aka aika saƙon farko zuwa cibiyar bincike ta SRI ranar 29 ga Oktoba. Kafin shekarar ta fita, cibiyoyi huɗu ne kacal a kan hanyar. Postel na cikin ɗaliban da aka bar wa aikin tsara yadda kwamfutocin za su riƙa fahimtar juna.

Ɗaliban ba su da ikon umartar kowa, don haka suka ƙirƙiro wata hanya mai tawali'u ta rubuta shawarwarinsu. A Afrilun 1969 Crocker ya fitar da takarda ta farko a jerin da suka kira RFC, sunan da ke nufin neman jin ra'ayi. Duk mai shawara ya rubuta, saura su duba, abin da aka yi ittifaƙi a kai ya zama ƙa'ida. Da Crocker ya bar UCLA a 1971, Postel ya karɓi aikin tace takardun da ba su lamba, kuma bai ajiye shi ba har ƙarshen rayuwarsa. A lokacin rasuwarsa lambar takardun ta haura 2,400, sama da 200 daga ciki da sa hannunsa a rubutunsu.

Akwai kuma wani aiki da ya fi wannan gundura. Kowace hidima a hanyar sadarwa tana buƙatar lambarta, kuma idan mutum biyu suka ɗauki lamba ɗaya, saƙo zai ɓata. A 1972 Postel ya rubuta shawarar a naɗa mutum guda da zai riƙa raba lambobin yana ajiye lissafi, ya kuma ba da kansa. Babu wanda ya yi takara da shi, domin a wancan lokacin aikin bai wuce na akawu ba. Wannan lissafi shi ne tushen abin da daga baya aka kira IANA, wato hukumar rabon lambobin intanet, sunan da ya fara bayyana a rubuce a ƙarshen 1988. Duk da sunan hukuma da aka ba ta, ba ta da rajista a matsayin kamfani ko ma'aikata. Postel ne da abokiyar aikinsa Joyce Reynolds da wasu 'yan tsiraru, a wani ofis na Cibiyar Kimiyyar Bayanai ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Marina del Rey, inda ya koma aiki a 1977. Kuɗin gudanar da aikin daga kwangilar bincike ta Ma'aikatar Tsaro yake fitowa, lamarin da babu wanda ya damu da shi sai daga baya.

Ƙa'idojin da duniya ke tafiya a kansu

Duk wanda ya aika imel a yau yana cin gajiyar rubutun Postel. Shi ne ya tace takardun Satumban 1981 da suka tabbatar da ƙa'idojin IP da TCP, waɗanda su ne ƙashin bayan intanet. Shi ya rubuta ƙa'idar aika imel ta SMTP a 1982. Shi kuma ya tsara jadawalin sauya ARPANET daga tsohuwar ƙa'idarta zuwa sabuwa, sauyin da aka yi ranar 1 ga Janairu, 1983, wadda da yawa ke ɗauka a matsayin ranar haihuwar intanet.

A cikin waɗannan takardu ya bar wata nasiha da injiniyoyi ke kira dokar Postel: mai ƙera manhaja ya tsananta wa kansa wajen bin ƙa'ida a abin da yake aikawa, ya kuma yi sassauci ga abin da wasu suka aiko masa. Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaida cewa haka halinsa yake. Mutum ne mai dogon gemu da dogon gashi, mai yawo da takalmin sandal da jakar goyo, mai son hawan duwatsu, marar yawan magana, amma mai taurin kai idan aka zo batun daidaito.

Da kwamfutoci suka yi yawa, tsohon tsarin ajiye sunayensu duka a fayil ɗaya ya gaza. Postel ya ɗora wa abokin aikinsa Paul Mockapetris nauyin nemo mafita, shi kuma a 1983 ya fito da tsarin sunaye na DNS. Tsarin kamar bishiya yake: akwai tushe, daga tushe rassa ke fita, kowane reshe kuma da mai kula da shi. A 1984 Postel da Reynolds suka zayyana rassan farko, irin su .com da .edu da .gov da .org, suka kuma tanadi reshe mai harafi biyu ga kowace ƙasa. Wanda ke da ikon rubutu a tushe, shi ke yanke hukuncin wane reshe ne zai wanzu da kuma wa zai riƙe shi. Wannan iko a hannun Postel ya faɗa.

Yadda ya raba wa ƙasashe sunayensu

A nan ne aikin akawu ya fara shiga gonar siyasa. Wace ce ƙasa, wace ce ba ƙasa ba? Postel ya ƙi ɗaukar wannan hukunci a wuyansa. Ya jingina da jerin lambobin ƙasashe na hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, wanda ake kira ISO 3166. Duk yankin da ke cikin jerin ya cancanci suna, wanda ba ya ciki kuwa sai ya je can ya nemi shiga.

Tambaya ta biyu ta fi wuya: a cikin kowace ƙasa, wa za a damƙa wa sunan? A wancan zamani yawancin gwamnatoci ba su san da zaman intanet ba, balle su nema. Don haka Postel ya riƙa bai wa wanda ya fara zuwa da ƙwarewa da niyya tagari, sau da yawa malamin jami'a ko injiniya. A Maris 1994 ya rubuta manufar a takarda mai lamba 1591, inda ya bayyana cewa mai riƙe da sunan ƙasa amintacce ne kawai, hidimar al'umma ce a kansa, kuma batun mallaka ko haƙƙin kai bai taso ba. Ya kuma shardanta cewa masu ruwa da tsaki a ƙasar su yarda da shi, ya yi wa kowa adalci.

Ta wannan hanya ƙasashe masu tasowa da yawa suka samu sunayensu ba tare da jiran yarjejeniyar diflomasiyya ba. An buɗe .ng na Najeriya a 1995, ragamar gudanarwa tana hannun wata jami'a a Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas, ɓangaren na'urori kuma ana kula da shi daga birnin Pisa na Italiya, saboda ƙasar ba ta da kayan aikin a lokacin. Amma tsarin na da nasa rauni. Abin da aka ba mutum bisa amana, idan ya zama mai daraja, sai masu so su yi yawa. A Najeriya an yi shekaru ana ja-in-ja kan wa ya dace ya riƙe sunan, har sai da Gwamnatin Obasanjo ta shiga tsakani, aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005. Ƙasashe da dama sun sha irin wannan rikici, wasu ma sunayensu sun faɗa hannun 'yan kasuwar waje.

Da kuɗi suka shigo

Har farkon shekarun 1990 kyauta ake rajistar suna. A 1993 Gidauniyar Kimiyya ta Amurka ta ba kamfanin Network Solutions aikin rajistar .com da .net da .org, kuma a Satumban 1995 aka ba shi damar karɓar dala 100 kan kowane suna na shekara biyu. Lokacin kuwa kamfanoni na rububin shiga intanet. Cikin ƙanƙanin lokaci kamfani guda ya samu kansa zaune kan rijiyar kuɗi ba tare da abokin gasa ba, kuma babbar kwamfutar da ke ɗauke da kundin tushe tana hannunsa. Masu tambarin kasuwanci suka fara kuka kan masu kama sunayensu don su sayar musu da tsada. 'Yan kasuwa suka matsa a buɗe musu nasu rassan. Ƙasashen Turai suka fara tambayar dalilin da zai sa arzikin duniya ya zauna ƙarƙashin kwangilar Amurka. Aka fara shigar da ƙararraki, sunan Postel na fitowa a takardun kotu.

Sai ga shi mutumin da kowa ke bin maganarsa ba shi da wata takardar doka da zai nuna idan aka tambaye shi wa ya ba shi iko. Ya ga alamar hadari tun da wuri. A 1996 ya ba da shawarar buɗe sababbin rassa masu yawa don karya babakeren. Daga nan ya mara wa wani kwamitin ƙasa da ƙasa baya, wanda ya haɗa Ƙungiyar Intanet ta Duniya da Hukumar Sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kare haƙƙin fasaha. Kwamitin ya tsara yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Geneva a Mayun 1997, wadda ta tanadi sababbin rassa bakwai da tsarin gudanarwa a wajen Amurka. Wannan shi ne yunƙurin farko na miƙa ragama, kuma bai yi nasara ba. Network Solutions ya yaƙe shi, 'yan majalisar Amurka suka yi masa ca, gwamnatin Bill Clinton kuma ta nuna cewa ba za a raba gadon a bayan idonta ba. Ranar 1 ga Yuli, 1997, Clinton ya umarci Ma'aikatar Kasuwanci ta tsara yadda za a mayar da tsarin hannun masu zaman kansu, mashawarcinsa Ira Magaziner ya ja ragamar aikin.

Mako guda da ya tona asirin iko

A wancan lokacin kwamfutocin tushe 13 ne. Ɗaya ce uwa, wadda ke hannun Network Solutions, sauran 12 kuma daga gare ta suke kwafar kundin. Ranar 28 ga Janairu, 1998, Postel ya aika wa masu kula da takwas daga cikinsu imel, ya buƙaci su daina kwafa daga uwar, su koma kwafa daga wata kwamfuta da ke ƙarƙashin IANA. Suka bi umarninsa. Ba su nemi takardar kotu ko izinin gwamnati ba, domin a saninsu maganar Postel ita ce doka a wannan fage.

Masu amfani da intanet ba su ga wani canji ba, tunda bayanan da ke cikin kundin ba su sauya ba. Amma a Washington hankali ya tashi. Magaziner ya kira Postel ta waya, aka umarce shi ya mayar da komai yadda yake, ya kuma mayar cikin kusan mako guda. Postel ya bayyana abin a matsayin gwaji, don a ga ko za a iya sauya uwar cikin sauƙi idan kwangilar kamfanin ta ƙare. Masana tarihin intanet da dama sun karanta shi a matsayin nuna ƙarfi, wato saƙo ga gwamnati cewa injiniyoyin da suka gina gidan suna da ta cewa. Kwana biyu bayan imel ɗin, gwamnati ta fitar da daftarin manufarta da aka sani da Koriyar Takarda, wanda a ciki ta nuna ƙarara cewa ita ce mai ikon ƙarshe a kan tushe.

Ko wace fassara aka ɗauka, makon ya bayyana abu biyu. Na farko, Postel na da ikon juya akalar intanet da saƙo guda. Na biyu, ikon nan ba shi da katanga: babu wanda zai ɗaukaka ƙara gare shi idan ya yi kuskure, babu kuma abin da zai kare shi idan mai ƙarfi ya taso masa. Masu ƙaunarsa sun ce bai taɓa amfani da matsayinsa don tara dukiya ba, alhali yana zaune a bakin taskar da ta mayar da wasu attajirai. Gaskiya ne. Amma nagartar mutum ba ta zama tsarin mulki, kuma ba a gadonta kamar gona.

Watanni tara na ƙarshe

Ranar 5 ga Yuni, 1998, Ma'aikatar Kasuwanci ta fitar da Farar Takarda. Ta ce za ta miƙa aikin ga sabuwar ƙungiya mai zaman kanta, marar neman riba, mai mazauni a Amurka amma da wakilcin duniya, kuma ta sa 30 ga Satumba, 2000, a matsayin wa'adin ƙarshe na janye hannunta. A wannan bazara aka yi tarurrukan jin ra'ayi a Reston da Geneva da Singapore da Buenos Aires. A gefe guda Postel, da taimakon lauya Joe Sims, yana ta rubuta daftarin tsarin mulkin ƙungiyar, yana fitarwa ana suka yana gyarawa, kamar yadda ya saba da takardun injiniyoyi.

Sai dai siyasa ba ta tafiya kamar injiniyanci. A da mahalarta 'yan ɗaruruwa ne da suka san juna, burinsu ɗaya. Yanzu lauyoyi ne da kamfanoni da gwamnatoci da 'yan rajin kare haƙƙi, kowa da inda ya dosa. An zargi daftarin Postel da ba hukumar gudanarwa iko mai yawa ba tare da masu sa mata ido ba. An kuma yi ƙorafin cewa a asirce aka zaɓo daraktocin farko. Mutumin da ya shekara 30 ana yabonsa da gaskiya ya wayi gari ana kiransa ɗan kama-karya.

An yi wa ƙungiyar rajista a Kalifoniya a ƙarshen Satumba da sunan ICANN, kuma ranar 2 ga Oktoba Postel ya miƙa wa gwamnati shawarar. An shirya shi ne zai zama babban jami'in fasaharta. Mako biyu bayan haka, ranar 16 ga Oktoba, 1998, ya rasu a Santa Monica sakamakon matsalar da ta biyo bayan tiyatar zuciya, yana da shekara 55. Washegari Vint Cerf ya rubuta ta'aziyyarsa, aka buga ta a cikin jerin takardun da marigayin ya yi rayuwarsa yana tacewa, da lamba 2468.

Ranar 25 ga Nuwamba Ma'aikatar Kasuwanci ta sa hannu kan yarjejeniya da ICANN, bayan ta sa an yi wa tsarin wasu gyare-gyare. Ƙungiyar ta fara aiki ba tare da mutumin da sunansa ne jarinta ba.

Shekara biyu da suka zama goma sha takwas

Wa'adin 2000 ya zo ya wuce, Amurka ba ta saki ba. Maimakon haka sai aka ƙulla kwangila: ICANN ta tantance duk buƙatar gyara a kundin tushe, hukumar NTIA ta Ma'aikatar Kasuwanci ta amince, sannan kamfanin Verisign, wanda ya sayi Network Solutions, ya aiwatar. A aikace sa hannun na cika ƙa'ida ne, amma a siyasance yana nufin gwamnati ɗaya na da damar taka wa sunan kowace ƙasa birki. Batun ya mamaye taron ƙolin Majalisar Ɗinkin Duniya kan fasahar sadarwa a Geneva a 2003 da Tunis a 2005, ya sake tasowa a Dubai a 2012, inda Rasha da wasu ƙasashe suka nemi gwamnatoci su samu ƙarin iko. Ita kanta ICANN ta yi ta tuntuɓe. A 2000 ta gudanar da zaɓen daraktoci biyar ta intanet, inda Nii Quaynor na Ghana ya lashe kujerar Afirka, amma bayan shekara biyu aka soke tsarin zaɓen.

Tonon sililin da Edward Snowden ya yi a 2013 kan leƙen asirin Amurka ya ƙara rura wutar. A Oktoban shekarar shugabannin manyan ƙungiyoyin fasahar intanet suka haɗu a Montevideo suka yi kira da a gaggauta mayar da aikin na kowa da kowa. Ranar 14 ga Maris, 2014, NTIA ta sanar da niyyar janyewa, bisa sharuɗɗa: a kiyaye tsaro da ɗorewar tsarin, a bar intanet a buɗe, a biya buƙatun masu amfani da hidimar, a ƙarfafa tsarin masu ruwa da tsaki, kuma ba za ta miƙa wa wata gwamnati ko ƙungiyar gwamnatoci ba.

Don haɗa kan shawarwari aka kafa kwamitin daidaitawa mai suna ICG, mai mutum 30 daga rukunoni 13, ƙarƙashin jagorancin Alissa Cooper, da mataimaka biyu, Patrik Fältström na Sweden da Mohamed El Bashir na Sudan. Mary Uduma ta Najeriya na cikin wakilan masu riƙe da sunayen ƙasashe. Kwamitin bai zauna ya rubuta tsari daga sama ba. Ya nemi ɓangarori uku da ke cin moriyar aikin, wato na sunaye da na lambobi da na ƙa'idojin sadarwa, kowanne ya kawo nasa tsarin, shi kuma ya duba ko sun dace da juna, ya buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a. Wani kwamitin daban ya ɗauki tambayar da aka bari tun 1998: idan Amurka ta tafi, wa zai ja wa ICANN kunne? Amsar da aka cimma ita ce a ba rukunonin al'ummarta ikon ƙin amincewa da kasafin kuɗi, da hana sauya dokokin ƙungiya, da tsige darakta ko ma rusa hukumar gudanarwa baki ɗaya. Aikin rajistar kuma aka ware shi ga wani reshe mai suna PTI, wanda za a iya karɓe aikin daga hannunsa idan ya gaza.

An miƙa shawarar ranar 10 ga Maris, 2016, a ƙarshen taron ICANN a Marrakesh ta Maroko. Sanata Ted Cruz ya jagoranci adawa a majalisa, jihohin Texas da Arizona da Oklahoma da Nevada suka garzaya kotu, amma alƙalin tarayya a Galveston ya ƙi dakatar da shirin ranar 30 ga Satumba. Kwangilar ta mutu a kan lokacinta.

Abin da ya bari

Idan aka duba da kyau, hanyar da aka bi a 2014 zuwa 2016 ta Postel ce: a rubuta daftari, a baza shi a fili, a saurari suka, a gyara, a nemi ittifaƙi. Abin da aka ƙara shi ne wanda bai samu lokacin kammalawa ba, wato rubutacciyar hanyar tuhumar mai riƙe da amana da sauke shi. Manufarsa ta nisantar da rajista daga rigimar ƙasashe ma ta ci jarrabawa a farkon 2022, lokacin da Yukren ta nemi a cire sunan .ru na Rasha daga tushe saboda mamayar da aka yi mata, ICANN ta ƙi, bisa hujjar cewa aikinta haɗa hanyar sadarwa ne, ba ta da hurumin hukunta ƙasashe.

Duk da haka ba a rufe babin ba. ICANN na nan ƙarƙashin dokokin Kalifoniya da kotunan Amurka, abin da ƙasashe irin su Birazil suka nuna rashin gamsuwa da shi. Tsarin da ake cewa na kowa ne ya fi amfanar mai kuɗin jirgi da Turanci da lokacin halartar taro. A Afirka, hukumar AFRINIC da ke raba lambobin intanet ga nahiyar tun 2005 ta faɗa cikin shari'o'i har kotun Mauritius ta naɗa mata mai riƙon ƙwarya a 2023. Kuma babu abin da ke cikin kundin tushe da ya hana Gwamnatin Najeriya rufe Twitter na wata bakwai daga Yunin 2021. Wanda ke son intanet mai 'yanci, yaƙinsa na gida ne kamar yadda yake na waje, kuma kujerun da ake yanke hukunci a kansu, daga NiRA har ICANN, a buɗe suke ga wanda ya shirya zama.

Ƙungiyar Intanet ta Duniya, wadda Postel ne mambanta na farko, tana ba da lambar yabo da sunansa ga waɗanda suka yi wa hanyar sadarwa hidima mai tsawo. Shi aka fara bai wa a 1999, bayan rasuwarsa, kuma a 2007 Nii Quaynor ya karɓe ta saboda aikinsa na shimfiɗa intanet a Afirka. A nahiyar da ta sha ganin shugabanni na riƙe muƙami har sai mutuwa ta ɓamɓare su, tarihin Postel na da abin dubawa. Ya samu iko da babu mai tambayarsa, ya riƙe shi bai ci amana ba, ya taɓa gwada iyakarsa sau ɗaya aka taka masa birki, sannan ya ƙarar da ragowar kwanakinsa yana rubuta dokokin da za su ɗaure duk wanda zai zauna a kujerarsa.